Na goge tazarar da Baba ke bari bayan aya, ya daina ba ni rubutunsa

Assalamu alaikum Malam. Matsala ce tsakanina da mahaifina, kuma ko faɗarta kunya nake ji saboda ƙanƙantarta. Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin buga takardu a ofis, tun zamanin tafireta har ya yi ritaya. Yanzu yana rubuta tarihin rayuwarsa a kwamfuta, ni kuma nake duba masa kafin mu kai maɗaba'a. Duk inda ya sa aya sai ya danna tazara sau biyu kafin ya fara sabuwar jimla. Mu ɗaya aka koya mana, manhajar Word ma layi take ja masa a ƙarƙashi. Da ya ba ni babi shida na farko sai na sa kwamfuta ta nemo duk inda tazara biyu take ta mayar da ita ɗaya, ban faɗa masa ba. Yana buɗewa ya gane. Ya ce na cunkushe masa rubutu. Na ce masa ai wannan tsohon yayi ne, kuskure ne da masu tafireta suka ƙirƙiro, har na ɗauko waya na nuna masa. Bai ce komai ba, ya rufe kwamfutar. Yau sati uku ke nan bai ba ni babi na bakwai ba, kuma na ji yana ce wa Mama ƙanena zai duba masa sauran. Malam, wa ke da gaskiya? Kuma yaya zan yi?

'Yar Akawu

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa mahaifinki a wannan aiki, shi kuma ya ba shi lafiyar kammala littafinsa.

Kada ƙanƙantar maganar ta ba ki kunya. Wannan gardama ta tazara ɗaya ko biyu ta daɗe tana haɗa editoci da marubuta, malamai da ɗalibai, lauyoyi da sakatarorinsu. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a kan komai ba sai ki ga jijiyar wuyansa ta miƙe a kanta. Ina karanta wasiƙarki ina murmushi, har na zo wurin da Baba ya rufe kwamfuta bai ce uffan ba. Nan murmushin ya ɗauke, domin ni ma a kan tafireta na koyi buga rubutu, kuma na san irin wannan shirun.

Bari in fara da wa ke da gaskiya, tunda na san hankalinki ba zai kwanta ba sai kin ji.

In abin da ake bi yau ake magana, ke ce a kan hanya. Ɗauki duk littafin da aka buga a shekarun nan, ko jarida ko mujalla, ki ƙura masa ido, za ki ga filin da ke bayan aya daidai yake da wanda ke tsakanin kalma da kalma. Kundin ƙa'idojin ɗab'i na Jami'ar Shikago, wanda maɗaba'u da yawa ke bi, ɗaya ya ce. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wato APA, wadda ɗaliban jami'a ke bin tsarinta wajen rubuta kundin bincike, ita ma ɗaya ta ce a bugu na bakwai na littafinta da ya fito a 2019. Layin da kika ga Word yana ja wa Baba kuwa, a 2020 kamfanin Microsoft ya sa manhajar ta fara ɗaukar tazara biyu a matsayin kuskure. A shafukan intanet ma ko zaɓi babu, don an tsara su ne yadda ko tazara goma mutum ya jera, guda ɗaya za ta bayyana wa mai karatu. Saboda haka shafin da kika nuna masa a waya, ko da mai goyon bayan Baba ne ya rubuta shi, da tazara ɗaya zai fito.

Wannan rabon naki ke nan, kin samu. Amma maganar da kika jefa masa, cewa kuskure ne da masu tafireta suka ƙirƙiro, ba haka take ba, kuma ina so ki san dalili tun kafin ki koma gabansa.

Kafin a san wani abu wai shi tafireta, littafi da hannu ake jera shi. Mai jera haruffa yana tsaye gaban akwati mai gida-gida, yana tsinto haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yana shirya su a layi. Farin filin da muke gani a shafi, a wurinsa ba iska ba ce. Ɗan guntun dalma ne marar tsayi wanda tawada ba ta kaiwa gare shi, kuma girma-girma ne. Akwai wani mai kusurwa huɗu daidai da suke kira em. Tsakanin kalma da kalma, abin da aka saba shi ne a sa sulusinsa. In jimla ta ƙare kuwa, a ɗab'in Ingila da Amurka na ƙarni na 18 da na 19, em ɗin ake sakawa sukutum. Ki lissafa da kanki: filin ƙarshen jimla ya ninka na tsakanin kalmomi sau uku. In kin taɓa riƙe tsohon littafin Turanci na wancan zamani za ki ga jimlolin a zaune wara-wara, kowace da ɗakinta. Shi kansa kundin Shikago da yau ake kafa hujja da shi, wanda ya fara fitowa a 1906, bugunsa na farko-farko faffaɗan fili ya umarta a bari bayan aya.

A cikin wannan duniya tafireta ya shigo. Kamfanin Remington, wanda aka fi sani da ƙera bindigogi da kekunan ɗinki, shi ya fito da shi kasuwa a 1874, bisa ƙirar Christopher Sholes da abokan aikinsa. Na'urar ba ta san sulusi ko rubu'i ba. Duk madannin da aka taɓa, takarda taku ɗaya take matsawa, inci ɗaya haruffa goma a wasu, goma sha biyu a wasu. Siririn harafi irin i da mai ƙiba irin m duk gida ɗaya ake ba su. Aya ma, ɗan ɗigon nan, cikakken gida take samu ta zauna a tsakiya. Shafin tafireta shi ya sa yake da ramuka ko'ina, ido kuma yana buƙatar wata alama da za ta nuna masa cewa nan magana ta tsaya. Masu buga rubutu na farko suka dubi littattafan zamaninsu, suka ga faffaɗan fili bayan aya, suka kwaikwaye shi da abin da ke hannunsu. Wasu har uku suke bari, daga baya aka tsaya a kan biyu, makarantun koyon sana'ar suka mayar da shi doka.

Waɗanda suka sauya hanya su ne masu ɗab'i. Daga 1886, lokacin da jaridar New York Tribune ta fara aiki da injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, mai zuba layi guda na dalma a lokaci ɗaya, aikin jera haruffa ya koma na inji da sauri da lissafin kuɗi. Ga jaridu da siraran ginshiƙan rubutu, inda faffaɗan fili ke cin wuri. Ga kuma wata matsala da ke damun masu sana'ar: in an daidaita layuka suka yi kai ɗaya dama da hagu, injin yakan buɗa tazarar da ke ciki don layin ya cika, babbar tazara ta ƙara girma, kuma in irinsu suka faɗo a jere layi bayan layi sai ki ga wata farar hanya ta gangaro tsakiyar shafi, abin da suke kira kogi. Sannu a hankali filin ya yi ta tsukewa, zuwa wajen shekarun 1950 littattafai da jaridu sun koma tazara ɗaya. Ajin koyon tafireta kuwa bai motsa ba, saboda na'urarsa ba ta sauya ba. Shekara da shekaru aka yi a haka: marubuci ko sakatarensa ya buga da biyu, a kai maɗaba'a, mai jera haruffa ya fitar da ɗaya, babu wanda ya yi wa wani faɗa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. Rigima ta tashi ne da kwamfuta ta zo ta haɗe sana'o'in biyu a teburi ɗaya, ta ba kowa haruffa irin na littafi, waɗanda kowanne ke cin wuri gwargwadon jikinsa, alhali yatsun da ke kan madannan a tafireta aka horar da su.

To kin ga abin da Baba ke yi gado ne da ya girmi tafireta, an kuma koya masa shi a matsayin daidai, a lokacin da yake daidai. Kuma kada ki ɗauka an rufe babin da daɗewa. APA ɗin nan da na ambata, a bugu na shida na 2009, tazara biyu ta ba da shawarar a bari a rubutun da ba a kai ɗab'i ba, sai bayan shekara goma ta janye. Manhajar TeX da Donald Knuth ya fara ƙirƙira a 1978, wadda masana lissafi da kimiyya ke tsara takardunsu da ita har gobe, da kanta take ɗan faɗaɗa filin ƙarshen jimla, sai in an hana ta.

Za ki ce to wanne ya fi sauƙin karantawa, ai nan gaskiya za ta fito. An gwada. A 2018 aka wallafa wani bincike da Rebecca Johnson da abokan aikinta suka yi a Kwalejin Skidmore ta Amurka. Ɗalibai 60 suka zaunar gaban na'urar da ke bin motsin ido, suka ba su rubutu iri-iri. Cikinsu 21 masu barin tazara biyu ne a nasu rubutun, kuma su ne saurin karatunsu ya ƙaru da kimanin kashi 3 cikin ɗari da aka ba su rubutu mai tazara biyu bayan aya. Fahimtar abin da aka karanta ba ta sauya ba ko ta wane ɓangare. Masu biyu suka yi ta murna, masu ɗaya suka ce a dakata, ai da haruffan Courier New aka yi gwajin, masu gida ɗaya irin na tafireta, ba irin waɗanda ake buga littafi da su ba. Ni abin da na ɗauka a ciki kaɗan ne: ido yana son abin da ya saba. Minti uku cikin ɗari ba abin da za a ɓata da uba a kansa ba ne, kuma ban yarda ki ɗauki wannan bincike ki je ki karanta masa ba, ko da rabinsa yana goyon bayansa.

Yanzu mu zo ga shirun sati uku, wanda shi ne ainihin wasiƙarki.

Ban san Babanki ba, amma na san sana'arsa. Mai buga takardu a zamanin tafireta da tsabtar shafinsa ake auna shi. Babu madannin gogewa. In ya yi kuskure a layi na ƙarshe na wasiƙa mai kwafi uku da takardar kabon a tsakani, ko dai ya bi su ɗaya-ɗaya yana gyarawa, ko ya zare duka ya soma daga farko. Malaminmu yakan tsaya a bayanmu, hannu a goye, yana cewa "aya, ƙwas, ƙwas", har abin ya bar kai ya koma babban yatsa. Mutum ya yi shekara talatin yana buga maganar wasu, wasiƙar shugaba, rahoton kwamiti, sunansa ba ya fitowa ko'ina, in ya fito to baƙaƙen farko ne a can ƙasan shafi. Abin da ya mallaka a cikin takardar shi ne kyan zubinta. Yau ga shi a karon farko yana buga maganar kansa. Sai 'yarsa ta danna madanni biyu ta share abin da yake ganin shi ne gwanintarsa, da ya yi magana kuma ta ce masa tsohon yayi ne, ta miƙo masa waya shaida. Ke tazara kike nufi, na sani. Shi kuwa ina tsammanin ba tazara ya ji an kira tsohon yayi ba.

Ki lura da abu ɗaya da kika faɗa da bakinki: yana buɗewa ya gane. Mutum nawa ne za a cire wa ɗan fili bayan aya su gane da kallo ɗaya? Wannan idon ƙwararre ne, kuma littafin yana buƙatarsa.

Akwai kuma abin da ya fi cin fuska nauyi, wato amana. A aikin edita, ƙa'idar da na fi riƙewa ita ce ba a gyara wa marubuci a ɓoye. Ko waƙafi ne, a yi masa alama ya gani, ya yarda ko ya ƙi. Balle tarihin rayuwa, inda mutum ke ba da labarin iyayensa da aurensa da abokan da suka rasu. Dole Baba ya tambayi kansa: in ta sauya wannan ba ta faɗa ba, me kuma ta sauya? Ba zai iya bin babi shida kalma-kalma yana gwadawa ba. Ina ganin shi ya sa ya juya ga ƙanenki. Ba wai ƙanenki ya fi ki iyawa ba, yana neman wanda zai mayar masa da kayansa yadda ya ba shi ne.

Sannan ina da wani zargi, ki je ki duba. Kin ce kin sa kwamfuta ta nemo duk inda tazara biyu take. Duk inda take, ba bayan aya kaɗai ba. Masu tafireta da yawa da tazara suke tsara shafi: taku biyar a farkon sakin layi, jerin tazara don tura kwanan wata gefen dama, ko don daidaita sunaye da shekaru su sauko a layi ɗaya. In Baba yana cikinsu, umarnin da kika bayar ya bi ta kan waɗannan ma ya rage su. Idan haka ne, da ya ce kin cunkushe masa rubutu ba ƙorafin tsufa yake yi ba, abin da ya faru ya faɗa. A Word akwai wata alama a sama mai kama da P da aka juya baya. In kin danna ta, kowace tazara za ta bayyana kamar ɗan ɗigo, ki ga abin da ya rage da abin da ya tafi.

Abin yi na farko, tun kafin ki buɗe baki, shi ne ki mayar da babi shidan nan yadda suke. In kina da ainihin fayil ɗin da ya ba ki, a filashi ko a saƙon da ya turo, alhamdu lillahi, aiki ya ƙare. In kuwa a kansa kika adana gyaran, sai kin zauna. Kada ki ce wa kwamfuta ta ƙara tazara bayan kowace aya gaba ɗaya, za ki sake ɓarna. Ba kowace aya ce ƙarshen jimla ba. "Alh." da "Mal." da "Dr." duk da aya suke, kuma babban baƙi ne ke biyo bayansu, kwamfuta ba za ta bambance su da ƙarshen magana ba. Sai kin bi ɗaya-ɗaya, ki kuma tuna da alamar tambaya da ta motsin rai. Kina cikin wannan wahala za ki gane hujja mafi ƙarfi da masu tazara biyu ke da ita: a rubutun Baba, ayar taƙaita suna tazara ɗaya ke binta, ayar ƙarshen jimla biyu, ba a rikita su. Kin share wani bambanci da shi ya sa da gangan.

Daga nan ki same shi shi kaɗai, a lokacin da yake sake, ba gaban ƙanenki ba, ba kuma ta bakin Mama ba. Mama tana iya share miki hanya, amma ban haƙurin naki ne. Ki bar waya a ɗaki. Ki gaishe shi, ki ce: "Baba, na yi kuskure da na taɓa rubutunka ban tambaye ka ba, kuma maganar da na faɗa ba ta dace ba. Ka yafe mini. Ga babi shidan na mayar da su yadda ka ba ni." Ki tsaya nan. Kalmar "amma" kada ta fito, domin duk abin da ya biyo bayanta zai cinye abin da ya gabace ta. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle mahaifi. Kada kuma ki roƙi babi na bakwai a zaman. In ya ba ƙanenki, ki bar shi, ki dai ja ƙanen gefe ki ce kada ya taɓa komai sai ya nuna wa Baba.

In kin samu dama ki yi masa wata ƙaramar hidima: ki shiga saitin duba rubutu na Word, akwai wurin da ake zaɓar tazarar tsakanin jimloli, ɗaya ko biyu ko kada a duba. Ki zaɓa masa biyu, da izininsa. Ba daɗi mutum yana rubuta labarin mahaifiyarsa na'ura tana ja masa layi a ƙarshen kowace jimla kamar ɗan firamare.

Maganar yadda littafin zai fito kuwa, ki ajiye ta sai rubutu ya kammala, sannan ku koma tsarin da na ce ki riƙe. Fayil ɗin Baba nasa ne, ya buga yadda yatsansa ya saba. In lokacin ɗab'i ya yi sai a yi kwafi na biyu, a kansa mai tsara shafi zai yi aiki. Baba ya san wannan rabon aiki fiye da ke, a cikinsa ya yi rayuwarsa. Ki roƙi maɗaba'ar ta fitar muku da shafi ɗaya sau biyu, da irin haruffan da za a buga littafin, ɗaya da tazara ɗaya, ɗaya da biyu, ki ajiye masa a gabansa ki yi shiru. Gani ya kori ji. In ni aka tambaya, ɗaya zan zaɓa wa littafin da aka daidaita layukansa dama da hagu, saboda ramukan nan da na faɗa miki, kuma ina kyautata zaton idon da ya gane gyaranki da kallo ɗaya zai gan su. Akwai ma hanya ta tsakiya, don mai tsara shafi da ya san aikinsa yana iya sa fili da ya ɗan fi ɗaya bai kai biyu ba. In kuma Baba ya duba ya ce biyu yake so, to biyu za a buga. Sunansa ne a bango. Babu mai karatun da zai ajiye tarihin mutum saboda filin bayan aya ya yi faɗi.

Ƙwazon naki kuma kada ya tafi a banza, don akwai tazarar da ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce ta tsakanin kalmomi. Wannan in ta ɓata ma'ana take ɗauka ta tafi da ita. "Ta fi" daban, "tafi" daban. "Ya yi" ba "yayi" ba ne. "A kan tebur" wuri ne, "akan zo da safe" al'ada ce. "Ma su" da "masu", "ko wa" da "kowa", haka nan. Ga kuma ƙugiya, wadda yawancin tafiretoci ba su da ita, sai dai a bi da biro a lanƙwasa, wanda ya saba da hakan kuma yakan manta da ita a kwamfuta: "ƙafa" ta koma "kafa", "baƙi" su koma "baki". Ga shekarun da za su iya saɓa wa juna tsakanin babi na biyu da na biyar, ga sunan da aka rubuta iri biyu. Nan ne mai duba rubutu ke cin ladansa. Amma ko waɗannan, ki kunna tsarin nan na Word da ke nuna kowane gyara da launi, ko ki buga a takarda ki yi alama da fensir, shi ya yanke hukunci.

In kun shirya, wata rana ki tambaye shi yadda aka koya musu, wa ya koya musu, kalma nawa yake bugawa a minti ɗaya, me ake yi wa wanda ya manta tazara ta biyu. Ki ba shi labarin guntun dalmar nan em, ki ce masa kin gano abin nasu ya girmi tafireta. Ina zargin akwai babi guda a nan da bai yi niyyar rubutawa ba, saboda yana ganin ba wanda zai damu da shi.

Ke kuma a naki rubutun, takardar neman aiki ce ko kundin makaranta, ki ci gaba da barin ɗaya, shi ake tsammani a wurinki. Ni dai wannan amsa da kike karantawa da tazara biyu na buga ta tun daga sallama, babban yatsana ya ƙi jin magana shekara da shekaru. Shafin ne ya haɗiye ɗaya kafin ta iso gare ki.